Hayaƙi a Gindin Dabinon Ummu Khamis

Mika'ilu mutumin ƙauye ne, kuma bai taɓa jin haushin a faɗa masa ba. An haife shi a wani ɗan gari da ke gefen dajin Falgore, a gidan mafarauta. Mahaifinsa yana da bindigar toka da karnuka, amma shi Mika'ilu bai gaji harbi ba, rami ya gada. In gafiya ta addabi gonar gyaɗa, ko burgu ya huda gindin rumbu, shi ake aika wa. Sai ya zo da dagi da gora da ƙullin barkono, ya zagaya wurin yana kallon ƙasa. Ya toshe duk bakunan ramin ya bar biyu. A ɗaya ya cusa ƙaiƙayi da barkono ya kunna, ya yi ta fifita har hayaƙi ya cika ciki, a ɗayan kuma ya tsaya da gora. Ba a daɗewa abin da ke ciki zai fito ido rufe, shi ke nan an raba mai gona da damuwa.

Ba shi da tsawo, ba shi da yawan magana, sai dai Allah ya yi masa hanci. Yakan ce rami mai rai da mataccen rami ba warinsu ɗaya ba. Kuma ya yarda har cikin ransa cewa babu ramin da zai gagare shi a duniya. A garinsu wannan yardar ba ta taɓa ba shi kunya ba, shi ya sa da zai yi tafiya ya haɗa da ita a cikin kayansa.

Tafiyar kuwa dole ce ta kawo ta. Daji ya daina shiguwa, masu manyan bindigogi suka maye gurbin namun dawa, gonakin bakin daji suka koma saura. Babu shuka, to ina za a ga gafiyar da za a kira shi ya kama? Yayan matarsa Sabuwa ne ya tausaya masa. Bashar sunansa, ɗan kasuwa ne a Dubai, yana tura wa mutanen Kano kaya daga unguwar Al Sabkha. Shi ya nema masa biza, ya sa shi ɗaure kwalaye a sito. Mika'ilu ya yi ta ɗauri kamar wanda aka sa wa horo, ba gunaguni, ba kuma walwala. Sai da ɓeraye suka fara cin dilolin atamfa a siton sannan aka ga haƙoransa. Ya bi sawunsu a kan ƙura, ya lanƙwasa waya ya yi tarkuna, kafin mako ya zagayo ya jera gawarwakinsu a bakin ƙofa yana ta murna. Ana cikin haka mai ginin ya zo wucewa, wani Balarabe mai suna Khamis. Ya tsaya ya dubi jerin, ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Yana da gona a Hatta, in ji shi, kuma dabbobi sun hana shi sakat.

Hatta can take cikin duwatsu, dab da iyakar Oman, inda mutanen birni ke zuwa shan iska a ƙarshen mako. Gonar Khamis a jikin tudu take, hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa an tare shi da katangar duwatsu da aka jera ba siminti. Akwai dabino, akwai ɗan lemon tsami da mangwaro, da awaki da kaji a ƙasa. Ruwa yana gangarowa ta wata siririyar hanya da suke kira falaj, ya shayar da gonar ya wuce wa maƙwabta. Ranar da aka kai shi, Bashar ne ya yi tafinta. Khamis ya ce babu bindiga. Babu guba, saboda awaki da ruwan maƙwabta. Yanyawa a kore ta, kada a kashe, hukuma ba ta so. Sannan ya ɗaga yatsa ya faɗi ta ƙarshe da kansa, a hankali, don kada a ce tafinta ne ya rage: wuta mamnu' ce, wato an hana, ko shara ba a ƙonawa a gonarsa. Mika'ilu ya gyaɗa kai da zuciya ɗaya, don shi ma ba ya son masu ƙona daji.

Ya ji daɗin wurin, ba ƙarya. Ya koma kallon ƙasa. Ya gano inda yanyawa ke tonowa ta shiga akurki, ya binne raga mai zurfi a wurin. Karnukan da ba su da masu su, waɗanda ke saukowa daga dutse su ɗauke 'yan awaki, ya koya musu cewa gonar ta yi mai ita. Jakunan jeji masu rushe katanga ya toshe musu hanya da ƙaya. Tsuntsaye ya rataya musu gwangwanaye. Ya koyi Larabcin da zai ishe shi gaisuwa da sayen shinkafa, ya koyi kiran Khamis arbab kamar yadda sauran ma'aikatan yankin ke kiran iyayen gidansu. Duk Juma'a yana kiran Sabuwa ya juya mata wayar ta ga duwatsu, ta ce, "Wai nan ma Dubai ce? Ina benayen?"

Kowace Asabar bayan la'asar Khamis yana kawo mahaifiyarsa daga birni. Ummu Khamis tsohuwa ce 'yar ƙarama, idonta ya yi rauni, ƙafa ma sai da sanda, amma bakinta garau. Ba ta zagaya gona. Daga mota sai wuri guda: ƙasan katangar hawa na sama, inda wani dogon dabino ya yi inuwa. A nan ake shimfiɗa mata darduma, ta jingina da duwatsun, ta sha gahawa har magariba. Da ɗan Larabcinsa da nunin hannunta Mika'ilu ya harhaɗa labarin itacen. Daga gidan mahaifinta a can ɓangaren Oman aka ciro shi yana ɗan tsiro, aka taho da shi tare da kayan aurenta. Mijinta ne ya gina hawan don shi, ya ɗebo ƙasa a kan jaki, kuma duk shekara har ya rasu yana zuba masa kashin awaki da busassun rassa da zare-zaren jikin dabino a bayan katangar. Gidan mahaifin nata ya daɗe da rushewa, 'yan uwanta duk sun riga ta. Itacen kaɗai ya rage wanda ya san ta tana yarinya. Takan kira Mika'ilu waladi, wato ɗana, ta cusa masa alawa a hannu ko ya ce ya ƙoshi. Shi kuma yana ce mata Hajiya, yana tsugunawa in zai gaishe ta, abin da ke ba ta dariya kullum.

Da zafi ya shigo, irin wanda duwatsu ke mayar wa mutum a fuska, dabino ya fara nuna. A nan aikin ya juya masa baya. Kowace safiya sai ya tarar da 'ya'yan dabino a ƙasa, an ɓantare gefe an yar, kuma ɓarnar ta fi yawa a ƙarƙashin itacen tsohuwar. Haƙorin ɓera ne, wannan ko makaho ya shafa ya sani. Ya dubi ƙasa kamar yadda ya saba, ya ga ƙofofi a tsakanin duwatsun katangar, da ɗan kashin ɓera nan da can. Ya kafa tarkuna. Suka kama ɗaya, suka kama biyu, ɓarna kuwa ko gezau. Ya sauya abin tarko, ya sauya wuri, ya shafa wa wayar ƙasa don kada su ji warin hannunsa. Ɓerayen Hatta suka yi kamar ba da su ake ba.

Ranar wata Asabar Khamis ya tsinci ɓantararren dabino ya jujjuya shi. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi akwai kamfani a birni masu zuwa da mota da kayan aiki, in abin ya fi ƙarfin Mika'ilu sai a kira su. Da ma zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. A kira wa ɗan gidan mafarauta kamfani a kan ɓera! Abincin ranar bai shiga ba.

Washegari da sassafe, ba kowa a gonar sai shi da awaki, ya ɗauko dagi. Babu ƙaiƙayi a Hatta, sai ya yagi zare-zaren dabino ya haɗa da busasshen kashin awaki da barkonon da ya saya a kantin wani ɗan Indiya. Maganar arbab ta zo masa, ya kore ta. Ai shi ba wuta zai kunna ba, hayaƙi zai tura, kuma tun yana saurayi yake yi, ko bukka bai taɓa ƙonawa ba. Ya bi katangar ya liƙe duk ƙofar da ya gani da laka, ya bar biyu. Ya cusa, ya ƙyasta ashana, ya yi ta fifita da murfin kwali. Abin da ya fara ba shi mamaki shi ne yadda ramin ke shan hayaƙi. A gida in ka tura kaɗan sai ya dawo maka a ido, don ramin ya cika. Wannan kuwa zuƙa yake yi ba ya ƙoshi. Ya ƙara, ya sake ƙarawa. Ya koma ɗaya bakin ya tsaya da gora har rana ta take. Ko ƙadangare bai fito ba. Ya kwarara bokitin ruwa a inda ya kunna, ya liƙe da laka, ya tafi ransa a ɓace.

Bayan kwana biyu, da asuba, yana fitowa alwala, hancinsa ya kama wani abu. Ba warin barkono ba ne, wannan ya wuce. Wari ne mai nauyi, irin na juji da ke ci ta ciki. Ya zagaya gonar bai ga hayaƙi ko kaɗan ba. Ya ce wa kansa maƙwabta ne. Amma awakin da suka saba kwanciya a jikin katangar sama sun koma can ƙasa sun cure wuri ɗaya. Tururuwa kuma ta yi layi tana fita daga tsakanin duwatsun, kowace da farin ƙwai a baki. Ya ɗora tafin hannunsa a kan wani dutse. Rana ba ta fito ba, duk sauran duwatsun gonar sun huce, wannan kuwa da ɗumi kamar bayan tukunya.

Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. A garinsu rami cikin ƙasa yake, ƙasa kuwa ba ta ci da wuta. Nan bayan katangar ba ƙasa ba ce zalla. Takin shekara da shekaru ne da rassan da marigayin ya tara, sun bushe sun danne juna, iska tana shiga ta tsakanin duwatsu. Murhu ne aka gina aka cika da makamashi, shi kuma ya zo ya sa masa garwashi.

Ya karkato ruwan falaj gaba ɗaya zuwa gindin itacen, ya ci rabon maƙwabta na ranar. Ruwan ya kwanta a sama inda ƙasa ta daddale, bai ratsa inda ake bukata ba. Ya zare wasu duwatsu ya yi ta watsa bokiti ta ƙofofin, tururi yana fitowa da huci yana dukan fuskarsa. Haka ya yi ta fama kwana da kwanaki, ba ya ko zama cin abinci. Sannu a hankali warin ya ragu, dutsen ya huce. Ya mayar da duwatsun yadda suke, ya share toka, ya ɗaga kai ya dubi itacen. Kore shar, nonon dabinon sun yi ja suna reto. Ya yi hamdala, ya ce Allah ya rufa asiri.

Asabar ta zo, aka shimfiɗa wa tsohuwa dardumarta. Ta zauna, sai ta ɗaga fuska tana lalubar rana. Ta ce da ɗanta ya ja mata dardumar gaba kaɗan, inuwar ta matsa. Khamis ya yi dariya ya ce, "Yumma, inuwa ai tana bin wata ne." Ta ce shekarunta nawa tana zama a nan, ita za a gaya wa inda inuwa ke faɗawa a watan zafi? Aka ja mata, aka ci gaba da hira. Mika'ilu yana tsaye riƙe da butar gahawa, ya ɗaga kai ya dubi itacen.

Suna tafiya ya hau saman hawan da dagi. Ya kafa dagin a ƙasar da ke tsakanin itacen da katanga, ya danna. Dagin ya shige har mariƙi ba tare da ya taɓa komai ba. Da ya zaro shi, baƙi ƙirin. Ya tona kaɗan da hannu, sai toka da saiwoyi da suka zama gawayi, suna marmashewa a yatsunsa. Wutar ta mutu, amma ta cinye duk abin da ke riƙe da itacen ta wannan gefen. Ya ja da baya ya daidaita jikin dabinon da gefen wani tsauni da ke nesa. Ya karkata, kuma inda ya karkata ɗin daidai kan dardumar ne. Da iskar yamma ta taso daga kwari, ya ji wata 'yar ƙara daga ƙarƙashin ƙasa, kamar ana taka busasshen kara.

Ya kira Bashar. Ya same shi cikin hayaniyar Al Sabkha, ana ta ihun a matsar da amalanke.

"Yaya, na yi ɓarna."

Bashar ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Inna lillahi. Mika'ilu, wuta? A gonar Balarabe? Ba a gabana ya ce maka mamnu' ba?"

"Hayaƙi na tura, Yaya."

"Hayaƙin daga ruwa yake fitowa? Kai, saurare ni. Waye ya gani?"

"Ba kowa."

"To khalas, shi ke nan. Ka ja bakinka ka yi shiru. Itace ai yana faɗuwa da kansa, tsoho ne. In ka buɗe baki cancel ɗin biza zai yi maka, in ma bai kira police ba. Ka koma ka yi me a gida? Dajin da ka baro yana nan yadda ka bar shi. Ni kuma da na kawo ka, a gininsa store ɗina yake, ka tuna."

"Hajiya a ƙarƙashinsa take zama."

Bashar ya ce, "To ka canza mata wuri mana. Ka yi dabara, shwaiya shwaiya, a hankali. Yalla, sai an jima, ina da container da ake lodi."

Ya yi dabarar. Ya share ƙarƙashin mangwaro, ya yayyafa ruwa, ya jera matasai, wurin ya yi kyau har shi kansa ya so ya zauna. Da suka iso ranar Asabar ya tare tsohuwar tun daga mota, ya ce Hajiya ga wuri mai sanyi. Ta taɓa kumatunsa ta ce Allah ya yi masa albarka, ta wuce da sandarta inda ta saba. Ya ce akwai tururuwa a can. Ta ce tururuwar ta san ta. Ya ce dabino yana zubowa, kada ya faɗo mata a ka. Ta ce in nata ne ya faɗo. Khamis ya dube shi ya ce ya bar ta mana, me ya same shi yau?

Wannan yammacin bai taɓa ganin mai tsawonsa ba. Ya tsaya a saman hawan yana yi kamar gyaran ruwa yake, idonsa a kan rassa. Tsohuwar tana ƙasa tana ba da labarin yadda ake tafiya Oman a kan jaki, tana dariya, kanta a jingine da dutsen da ya zare ya mayar. Itacen ya yi ƙarar nan sau ɗaya. Khamis ya ɗago ya ce mene ne wannan, ya saurara, sannan ya koma kan wayarsa. Mika'ilu ya so ya faɗi gaskiya, ya fasa. Tsoro ne, ba wani abu ba. Ya tuna Sabuwa da yaran, ya tuna gonar gida da ba ta nomuwa, ya haɗiye maganar. Da motar ta fita ya zauna a ƙasa daɓas, ya ji ya tsani kansa.

Cikin makon ya gwada duk abin da ya sani. Ya cika ramin da duwatsu da ƙasa, suka nutse. Ya tokara itacen da gungume, da safe ya tarar gungumen ya lume cikin toka. Tsagewa ta fito a ƙasa ta bayan itacen, inda sauran saiwoyin ke ja. Ranar Laraba yatsa ke shiga, ranar Juma'a hannu. A masallaci liman yana huɗuba, shi kuma ba abin da yake gani sai dardumar nan. In ya faɗa wa arbab, za a ce a jira masana su zo su duba, tsohuwar kuma ba mai hana ta zama kafin nan, ya ga yadda ɗanta ba ya iya musa mata. In ya yi shiru, wata Asabar ɗin zai wayi gari ya kashe matar da ke ce masa ɗana.

Ranar Asabar da hantsi ya kore awaki can ƙasa ya rufe su. Ya ɗauko doguwar igiyar rijiya, ya ɗaura dutse a bakinta, ya yi ta jifa har ta sarƙe a wuyan itacen. Ya sauka gefe, nesa da inda zai faɗi, ya naɗe igiyar a hannu, ya yi bismilla. Ya zaci zai sha wuya, har yana tunanin ko sai ya nemo mota. Ja na farko itacen ya amsa. Na biyu ya taho gaba ɗaya, a hankali da fari, sannan da wani irin nauyi da ya girgiza tudun. Katangar ta watse, baƙar toka ta tashi ta rufe rana. Gangar jikin ta kwanta daidai inda ake shimfiɗa dardumar, ta nutsa duwatsun wurin cikin ƙasa.

Kafin ƙurar ta lafa ya ga kan itacen yana motsi. Ɓeraye ne, baƙaƙe masu doguwar wutsiya, manya da ƙanana, suna ta ɓullowa daga tsakanin gindin rassa inda suka yi sheƙa. Suka bi ta kan ƙafafunsa, suka haye dabinon da ke kusa kamar ana jan su da zare. A sama suke zaune tun farko. Shi da aka haifa yana kallon ƙasa, bai taɓa ɗaga kai ya nemi gidan ɓera a kan itace ba. Ko gora bai ɗaga musu ba.

Bai gudu ba, bai kuma share komai ba. Ya zauna a kan wani dutse har la'asar, har ya ji ƙarar mota.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Khamis ya ga gawayin saiwoyin, ya tambaya, Mika'ilu ya faɗa masa da Larabcinsa na kasuwa, bai rage komai ba. Mutumin ya yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Da ya je ya tsaya a inda gangar ta nutsa duwatsu, ya dubi mahaifiyarsa, sai muryarsa ta mutu. Bai kira 'yan sanda ba, amma bai bar shi ya ƙara kwana a gonar ba. Bashar ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarsa, daga baya ya yi ta bin mutane har aka mayar da takardunsa wani sito a Al Sabkha. Yana can yanzu yana ɗaure kwalaye. In ɓera ya shiga kaya, wasu ake kira, shi ba ya ko juyawa.

Mutanen sito sun ɗauka korar ce ta karya shi. Ba ita ba ce. Yayin da Khamis ke ta faɗa a wannan yammacin, tsohuwar ta bar su a tsaye. Ta taka da sandarta ta zagaya har gindin itacen da ya tumɓuke, ta durƙusa da kyar, ta cusa hannuwanta biyu cikin tokar. Mika'ilu ya san abin da take nema. Dabino yana fitar da 'ya'ya a gindinsa, in an samu ko ɗaya mai rai a ciro a dasa, itacen bai mutu ba. Ta lalubo na farko, ya marmashe. Ta lalubo wani, ta kai hanci, ta ajiye. Ta bi gindin kaf a kan gwiwoyinta, mayafinta yana jan baƙi. Babu ko ɗaya.

Ta zauna a kan dugaduganta, ta miƙa hannuwanta gaba, baƙi har gwiwar hannu, ta ce a ba ta ruwa. Mika'ilu ya ruga ya ciko buta, ya dawo ya tsuguna a gabanta, ya ce, "Hajiya, ga shi."

Ta ji muryarsa. Ta janye hannuwanta ta ɗora a cinya, a kan farin zanenta, ta juya fuska wajen ɗanta.

"Khamis," in ji ta, "zo ka zuba mini."